Tambayoyi da Amsoshi Kan Ɗinkin Bargon Ƙyallaye

Waɗannan su ne tambayoyin da masu sha'awar ɗinkin bargon ƙyallaye a nan Maradi suka fi yawan yi. Wasu daga cikinsu teloli ne da suka daɗe a kan keke, wasu kuwa matan gida ne da ɗalibai waɗanda suka ga hotunan irin wannan aiki a waya, ya ba su sha'awa, amma suka ɗauka sai da kayan aiki masu tsada ake iya yin sa. Wannan zato shi ne abin da na fi son kawarwa, domin abin da yake ƙawata bargo shi ne daidaiton awo da natsuwar mai ɗinki, kuma duka biyun ba a kasuwa ake sayen su ba.

Mene ne bargon ƙyallaye, kuma me ya raba shi da zanin gado mai faci-faci?

Bargon ƙyallaye ninki uku gare shi. Akwai fuska, wadda ake haɗawa da ƙananan ƙyallaye masu launi iri-iri bisa wani tsari da mai ɗinki ya zaɓa. Akwai ciko a tsakiya, wanda shi ne yake riƙe ɗumi. Sai shafi a baya, wanda yawanci yadi ɗaya ne shimfiɗaɗɗe. Bayan an jera su, sai a bi su da ɗinki mai ratsa dukkan ukun, ya danne su har su zama abu guda. Wannan ɗinkin dannewa shi ne ya raba bargo da zanin gado, domin idan babu shi, an dai haɗa ƙyallaye ne kawai, kuma da wanki na farko ciko zai dunƙule a kusurwa ɗaya.

Malama, wannan aiki ba na Turawa ba ne? Me ya haɗa mu da shi?

Gaskiya ne a ƙasashen Turai da Amurka aka fi mayar da shi abin sha'awa mai ƙungiyoyi da bukukuwa, amma dabarar cusa auduga tsakanin tufa biyu a danne ta da ɗinki tsohuwar aba ce a ƙasar Hausa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla ya ga ƴan lifida ya riga ya ga wannan aiki da idonsa. Lifidi ba wani abu ba ne illa tufa mai ninki, wadda aka cusa wa auduga ko audugar rimi, aka dinga bin ta da ɗinki layi-layi har ta yi kaurin da kibiya ba ta saurin huda ta, sannan a lulluɓe doki da mahayinsa. Sau da yawa fuskarsa ma haɗin ƙyallaye ce, ja da fari da shuɗi, an yanka su kusurwa uku-uku. Rubutaccen tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin rundunarsa. Haka ma mayaƙan Borno da na Bagarmi sun yi amfani da shi. Ashe ke nan hannun kakanninmu ya san wannan ɗinki fiye da shekara 600.

Sauran al'ummu ma kowace da irin nata. A yankin Bengal na Indiya da Bangladesh mata suna jera tsofaffin zannuwa su bi su da ɗinkin hannu, a Sindh ta Pakistan suna yin nasu mai launuka masu kaifi, a Senegal kuma ƴan Baye Fall, wani reshe na ɗariƙar Muridiyya, an san su da riguna na haɗin ƙyallaye. Ɗaya daga cikin tsofaffin barguna na Turai da suka rage an ɗinka shi ne a tsibirin Sisili a ƙarshen ƙarni na 14, kuma wani ɓangarensa yana ajiye a gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan. Saboda haka wanda ya kama wannan ɗinki a Maradi ko Tibiri ko Madarunfa ba aron hannu ya yi ba.

A gari mai zafi kamar namu, wa yake bukatar bargo?

Wanda ya kwana a Maradi cikin Disamba da Janairu, lokacin da hunturu yake kaɗawa da asuba, ba zai yi wannan tambaya ba. A sauran watanni kuwa bargo mai siririn ciko yana zama shimfiɗar gado, ko shimfiɗar jariri, ko abin zama a tsakar gida.

A ina ake samun ƙyallaye, kuma wane iri ya fi dacewa?

A shagon tela. Mutum ya leƙa kowane shago a cikin kwanaki goma na ƙarshen azumi, zai tarar da ƙasan teburin yanka cike da guntayen atamfa, wasu kamar tafin hannu, wasu dogaye sirara da suka fita daga bakin zane, yaron shago yana share su da tsintsiya zuwa buhu, daga nan kuma sai bola ko wuta. Abin yana ba ni takaici ƙwarai, domin a cikin buhu guda akwai abin da zai rufe yaro biyu. A yi magana da tela cikin mutunci, a bar masa buhu, kuma idan an gama aikin farko a kai masa ya gani.

Atamfa ta auduga zalla ita ce ta fi, saboda tana karɓar guga, ba ta zamewa a ƙarƙashin allura, kuma kaurinta kusan ɗaya ne. Leshi da yadi mai santsi da mai talewa a ajiye su gefe. Shadda tana da kyau amma tana da tauri, kuma rinanniyarta takan zuba. Ka'ida mafi muhimmanci ita ce kada a haɗa mai kauri da marar kauri, ko sabo fil da wanda ya sha jiki, a fuska ɗaya, domin mai ƙarfin zai dinga jan raunanan har ya yage a kan ɗinki.

Kafin a yanka komai, a wanke dukkan ƙyallayen, masu duhu daban, masu haske daban. Wankin yana fitar da sitaci, yana sa yadin ya gama tsukewar da zai yi, sannan yana tona asirin mai zuba. Wanda ake shakka a kansa a jiƙa shi, a matse shi cikin farin ƙyalle. Idan ya bar launi, a ci gaba da ɗauraye shi har ruwan ya fita garau, idan kuma ya ƙi dainawa a haƙura da shi komai kyansa.

Waɗanne kayan aiki ne dole?

Almakashi mai kaifi wanda ba a yanka takarda da shi, allura, zare, fil, alli ko fensir, rula, tef na awo, dutsen guga, da kwali mai tauri da za a yanka ma'auni da shi. Akwai wata wuƙa mai kewayayyen baki da kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, wadda take yanka ninki da yawa a lokaci guda a kan faifan roba, kuma ta sauƙaƙa aikin sosai a duniya. Wanda ya samu ya saya, amma dubban barguna masu kyau an yanka su da almakashi tun kafin a ƙirƙiro ta.

Da wane aiki ya kamata sabon shiga ya fara?

Da bargon jariri mai murabba'ai zalla, faɗinsa santimita 90, tsawonsa 120. A yanka kwali murabba'i mai santimita 12 ta kowane gefe, a ɗora shi a bayan ƙyalle, a zana, a yanka, ana bin tsayin yadin ko faɗinsa, ba a kaikaice ba. Za a bar rarar ɗinki santimita ɗaya a kowane gefe, don haka kowane murabba'i zai koma santimita 10 bayan ɗinki. Ana bukatar guda 9 a jere, jeri 12, wato 108 gaba ɗaya. A Amurka rarar da suke bari rubu'in inci ce, kimanin milimita 6, amma ga mai farawa santimita ɗaya ta fi sauƙin lissafi, kuma ta fi jure wankin hannu.

Kafin a ɗinka, a shimfiɗa tabarma a jera dukkan guda 108, sannan a ja da baya a duba daga bakin ƙofa. A nan ne ake gane cewa atamfa tana da surutu. Idan aka jera masu manyan zane kusa da juna, ido ba ya samun wurin hutawa. Maganin wannan shi ne a raba su gida biyu, masu duhu da masu haske, a riƙa sa ɗaya bayan ɗaya, ko kuma a sanya yadi marar zane a tsakaninsu. A ganina bambancin duhu da haske ya fi zaɓen launi muhimmanci, kuma hanya mai sauƙi ta gwada shi ita ce a ɗauki hoton jerin da waya a mayar da shi baƙi da fari.

Daga nan sai a ɗinka jeri-jeri. Idan an gama jeri na farko a goge rarar ɗinkinsa ta kwanta dama, na biyu ta kwanta hagu, haka har ƙarshe. Amfanin wannan yana fitowa lokacin haɗa jeri biyu, domin idan aka sa babban yatsa da manuni aka murza mahaɗar, za a ji tudun sama da na ƙasa sun faɗa wa juna sun kulle. A nan ake soka fil, kuma a nan kusurwoyi huɗu suke haɗuwa a ɗigo ɗaya.

Me ya sa jerina ba sa zuwa daidai, wani ya fi wani tsawo?

Kusan kullum rarar ɗinki ce ba ta tsaya a awo ɗaya ba. Idan aka ƙara milimita ɗaya kawai a kan ɗinki, an ci milimita biyu ke nan, ɗaya daga kowane ƙyalle. A jeri mai murabba'i 20 akwai ɗinki 19, don haka wannan ɗan kuskuren da ido ba ya gani zai rage wa jerin milimita 38, kusan santimita huɗu. A auna santimita ɗaya daga allura, a liƙa tef a kan farantin keke, a riƙa bin sa da bakin yadi. Dalili na biyu shi ne guga. Dutsen guga ɗora shi ake yi a ɗaga, ba a jan sa gaba da baya kamar ana gugar riga, domin jan yana miƙar da ƙyalle.

Bayan murabba'ai, sai wane tsari?

Wanda ya fi dacewa da guntayen teloli shi ne ɗinkin sirara a kan tushe. Ana yanka murabba'i na tsohon zanin gado, a riƙa ɗinka siraran ƙyallaye a kansa ɗaya bayan ɗaya har ya rufe, sannan a datse gefuna. Ba ya bukatar awo sosai, kuma ba ya barin asara. Akwai kuma tsarin da ya yi tashe a Amurka tun shekarun 1860, inda ake sa ɗan jan murabba'i a tsakiya a riƙa kewaye shi da sirara, gefe biyu masu duhu, gefe biyu masu haske.

Mai son kusurwa uku ya yi hattara, domin gefen da aka yanka a kaikaice yana talewa. Dabarar ita ce a kifa murabba'i biyu fuska da fuska, a ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, a yi ɗinki a kowane gefen layin, sannan a yanka a kan layin. Sai a sami murabba'i biyu, kowanne rabi duhu rabi haske, ba tare da an taɓa gefen mai talewa ba.

Me za a sa a matsayin ciko?

Ga mai farawa, tsohon bargo marar nauyi ko zanin gado mai laushi ninki biyu ya fi komai sauƙi, domin ba ya motsi, kuma tazarar santimita 10 tsakanin layukan ɗinki ta ishe shi. Audugar da aka gurza aka shiɓe tana ba da bargo mai daɗin rufa, amma tana neman ɗinki kusa-kusa, kada tazara ta wuce santimita 5, in ba haka ba ta tattare. Audugar rimi ta dace da matashin kai, amma ban ba da shawarar sa ta a bargo ba, saboda ba ta son wanki, tana yawo a ciki, sannan tana saurin kama wuta, alhali a lokacin ɗari ne ake shiga ɗaki da kaskon garwashi. Soson katifa kuma yana ruɓewa ya zama gari bayan ƴan shekaru.

Yaya ake haɗa ninki ukun ba tare da sun tattare ba?

A yanka shafi da ciko su zarce fuska da santimita 8 zuwa 10 ta kowane gefe. A shimfiɗa shafi a kan daɓe mai tsabta, fuskarsa tana kallon ƙasa, a danne gefunansa, a ɗora ciko, a ɗora fuska, ana shafewa da tafin hannu daga tsakiya zuwa waje. Sai a kafe su da dogon ɗinki na wucin gadi, layi-layi, tazarar kamar faɗin hannu. Ɗinkin dannewa ma daga tsakiya ake fara shi, don duk wata rara ta gudu zuwa baki. A ƙarshe a datse gefuna, a yanka dogon ƙyalle mai faɗin santimita 6, a ninka shi biyu, a ɗinka shi ta gaba da keke, a kalmasa shi baya a kama da hannu.

Game da zanen da ɗinkin zai bi, ina roƙon masu wannan aiki su dubi abin da yake gabansu. Dagi, da aska takwas ta babbar riga, da zanen da ake yi a jikin ƙwarya da na huluna, duk suna zama a kan bargo daram, kuma su ne za su sa a gane daga inda aikin ya fito.

Wane keken ɗinki ya kamata in saya?

Wanda yake gida. Baƙin keken nan na ƙafa, Butterfly ko Singer, ɗinki miƙaƙƙe kawai yake yi, kuma shi kaɗai wannan aiki yake bukata daga farko har ƙarshe. Asalin keken ɗinki ma tsohon abu ne, domin wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya yi rajistar nasa a 1830, Elias Howe ya yi rajistar mai zare biyu a Amurka a 1846, Isaac Singer kuma ya biyo baya a 1851, kuma yadda zaren sama yake sarƙe na ƙoshiya bai canja ba har yau. Keken ƙafa yana da fifiko biyu a wurinmu, ba ruwansa da ɗaukewar wuta, kuma kowane mai gyara a kasuwa ya san cikinsa.

Wajen haɗa ƙyallaye a sa allura lamba 80 ko 90, tsawon ɗinki milimita 2 zuwa 2 da rabi. Wajen danne ninki uku a koma lamba 90 ko 100, a tsawaita ɗinki zuwa milimita 3, a ɗan sassauta nauyin ƙafar keke, domin haƙoran ƙasa shafi kawai suke ja, ƙafar kuma tana tura fuska gaba, abin da yake haifar da tattara. Akwai wata ƙafa ta musamman mai nata haƙoran da take jan sama da ƙasa tare, wadda ake ɗaura wa kekunan zamani. Idan bargo ya yi girma, a naɗe rabinsa kamar tabarma ya shiga ƙarƙashin hannun keke, a sa tebur a gefen hagu ya ɗauki nauyin sauran. Wata hanyar kuma ita ce a danne shi gunduwa-gunduwa, sannan a haɗa gunduwoyin daga baya.

Manyan kekunan masana'anta irin su Juki suna yin dubban ɗinki a minti ɗaya, kuma wannan gudu ba alheri ba ne ga wanda hannunsa bai faɗa ba. A ƙasashen waje akwai masu dogon hannu da suke tafiya a kan ƙarfe mai tsawon mita uku ko huɗu, amma waɗannan na masu karɓar aikin jama'a ne. Abin da keke yake nema a Maradi shi ne kariya daga ƙura. A rufe shi da zane idan an tashi, a riƙa cire farantin allura ana share burbushin auduga da ke taruwa tsakanin haƙora, a ɗiga masa man keke, ba man gyaɗa ba, domin man girki yana daskarewa ya kama ƙarfe.

Wanda ba shi da keke fa? Kuma namiji zai iya shiga?

Da hannu ake yin komai kafin keke ya zo, kuma ɗinkin hannu yana da taushin da keke ba ya bayarwa. Abin lura shi ne ɗinkin ya zama tsawonsa ɗaya, ko da bai yi ƙanana ba. Batun maza kuwa, a ƙasar da maza suke ɗinkin babbar riga da hula da kayan doki, babu abin tambaya a nan.

Shin ana yin bukukuwan baje kolin irin wannan aiki?

Ana yi, kuma manya ne. Wanda ake yi a birnin Houston na jihar Texas ya faro a 1974, kuma yana tara dubban mutane kowace shekara. A garin Paducah na jihar Kentucky ana yin wani tun 1985, a can ne kuma aka buɗe gidan tarihin barguna a 1991. A Ingila akwai na Birmingham tun 2003. A Faransa kuwa ana taruwa cikin watan Satumba a Sainte-Marie-aux-Mines da ƙauyukan da ke kewaye da shi a yankin Alsace tun 1995, inda ake rataye barguna a majami'u da zaurukan gari. Alƙalan gasa suna duba ko kusurwoyi sun haɗu, ko bargon yana rataya a miƙe ba tare da kumburi ba, ko ɗinkin dannewa ya watsu daidai, da yadda aka rufe baki, har bayansa suke juyawa su duba. Wanda za a rataye ana ɗinka masa aljihu mai faɗin santimita 10 a saman bayansa don zura sanda.

Akwai labarin da nake son kowane mai farawa ya sani. A wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama, mata baƙar fata, jikokin bayi, sun shafe shekaru suna ɗinka barguna da tsofaffin wandunan aiki da buhuna, don kawai su rufe ƴaƴansu. A 2002 aka baje aikinsu a gidan zane-zane na Houston, daga nan aka kai shi New York, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan bargunansu a kan tambarin wasiƙa. Layukansu ba su miƙe kamar na rula ba, kuma wannan bai saɓa wa abin da na faɗa game da awo ba. Awo yana koya wa hannu yadda zai sa bargo ya kwanta lafiya ya jure wanki, amma tsarin launi da fasali na mai ɗinki ne, kuma a nan waɗannan mata suka yi zarra.

A nan gida, bikin baje kolin sana'o'in hannu na mata da ake kira SAFEM a Yamai wuri ne da irin wannan aiki zai iya samun masu kallo da masu saye. Kafin a kai can ma, mutum goma masu bargo bibbiyu sun isa su ɗaura igiya a farfajiyar wata makaranta cikin watan Disamba, su gayyaci ƴan unguwa da telolin da suka ba su ƙyallaye.

Za a iya mayar da shi sana'a?

Za a iya, amma babban bargo yana cin makonni, kuma mai saye yakan kwatanta kuɗinsa da na bargon kanti. Ƙananan abubuwa sun fi saurin fita, kamar shimfiɗar jariri ta kai wa barka ko suna, rigar matashin kai, jakar hannu, da sallaya. Wajen sa kuɗi a lissafa zare da shafi da ciko, sannan a lissafa lokacin da aka zauna a kansa, kada a ce ai ƙyallayen kyauta aka samu.

Yaya ake wanke shi da adana shi?

A jiƙa shi a babban baho da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, a riƙa danna shi da hannu, kada a murɗe shi kuma kada a buga shi a kan dutse. Jiƙaƙƙen bargo yana da nauyi, idan aka rataya shi ta gefe ɗaya nauyin yana tsinka ɗinki, don haka a ɗora shi a kan igiya biyu ko uku, bayansa yana kallon rana, domin ranar bazara tana cin launin atamfa. Idan ɗari ya wuce a tabbatar ya bushe sarai, a sa shi cikin tsohuwar rigar matashi ko zanin auduga, ba leda ba, a ɗora shi a sama inda gara da ɓera ba sa kaiwa. Sau ɗaya a cikin damina a fito da shi ya sha iska, kuma a sauya masa ninki kafin a mayar, don kada yadin ya karye a kan layi ɗaya.